Yadda ake zaɓen lensi mai faɗin gani mai zum

Ranar jere ce, an kira ka ɗaukar ɗakin amarya. Ka ja baya, ka ƙara ja, har bayanka ya haɗu da bango, amma gado da wadirof da madubi sun ƙi shiga hoto ɗaya. Ba laifin kyamara ba ne. Lensin 18-55 da ya zo da ita ne ya kai iyakarsa. Maganin wannan shi ne lensi mai faɗin gani, wanda masu sana'a ke kira wayid. Mai zum daga cikinsu shi ne wanda za ka murɗa ya tashi daga faɗi sosai zuwa matsakaici, kamar 16-35 ko 10-18 (lambobin milimita ne, ƙaramar lamba ta fi faɗi), ba sai ka cire ka sa wani ba.

Yawancin masu sayen wayid na farko suna fara tambaya da “wanne ya fi kyau?” Tambayar da ta kamata ita ce: a ina zan tsaya, kuma mita nawa nake so su shiga hoton? Idan ka amsa wannan da awo, rabin lensunan kasuwa sun fita daga lissafinka tun kafin ka bar gida.

Kayan da za ka tanada

Kyamararka ita kanta, da batiri cike da memori mai wuri. Kada ka yarda a gwada maka lensi a kyamarar mai shago, domin ba ita za ka tafi da ita gida ba. Sai tef ɗin awo, na magina ko na tela, da takarda da biro. Sai ƙaramar tocila. Ta waya ma ta wadatar. Sai tirayifod, wato matsayin kyamara mai ƙafa uku. In babu shi, tebur ko ƙaramin ƙullin shinkafa ko wake da za ka ɗora kyamara a kai zai yi aikin. Sai kwamfutar hannu don duba hotuna, saboda ƙaramin allon bayan kyamara yana ƙawata komai, har da hoton da ya lalace. Ka haɗa da 'yar robar hura iska da ƙyalle mai laushi na goge gilashi. Na ƙarshe, tsofaffin hotunanka na wata uku ko shida da suka wuce.

Mataki na 1: San girman sensa da irin bakin kyamararka

Lambar milimita da ke jikin lensi ba ta da ma'ana sai an san sensar da ke bayanta, wato ɗan allon cikin kyamara da ke kama hoton. Sensa babba, wadda ake kira ful-firam, faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ita ce a Canon 5D da 6D da R6, da Nikon D750 da Z6, da Sony A7. Ƙarama, APS-C, faɗinta wajen milimita 23.5 ne a Nikon da Sony da Fujifilm, 22.3 kuma a Canon. Ita ce a Canon 600D da 80D, da Nikon D3500 da D5300, da Sony A6400. Akwai wadda ta fi su ƙanƙanta a Olympus da wasu Panasonic, mai faɗin 17.3.

Ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take kamawa. Don ka san abin da lensi zai ba ka, ninka lambarsa da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, da 1.6 a Canon, da 2 a Olympus. Ga inda mutane ke faɗawa rami: mai 600D ya ga manya na yabon 16-35, ya tara kuɗi ya saya, ya ɗaura, ya ga kusan abin da 18-55 ɗinsa ke ba shi ne. Goma sha shida sau 1.6 ya zama kamar 26. Ya biya kuɗin wayid ya samu nauyi kawai. A ƙaramar sensa, wayid na gaskiya daga 10 ko 11 yake farawa.

Alamomin na ƙaramar sensa su ne EF-S da RF-S a Canon, DX a Nikon da Tokina, E kaɗai ba FE ba a Sony, DC a Sigma, Di II a Tamron. Lensin EF-S ba ya ma shiga bakin 5D ko 6D, kada ka tilasta shi. Na DX yana ɗauruwa a Nikon ful-firam, amma kyamara za ta yanke gefe: D750 mai megafiksel 24 za ta koma ba ka wajen 10.

Game da baki, wato wurin da lensi ke ɗauruwa a kyamara, lensunan tsofaffin kyamarori masu madubi suna aiki a sababbi marasa madubi ta hanyar adafta, EF zuwa RF a Canon, FTZ a Nikon. Akasin haka ba ya yiwuwa. Masu Nikon su kula da abu biyu. Lensin AF-P, irin su 10-20, ba ya fokas a D3100 da D3200 da D5100 da D7000 da D90, ko da hannu aka juya shi. Sannan Tokina 11-16 na farko mai bakin Nikon ba shi da injin fokas a cikinsa, ya dogara da na kyamara; a jerin D3000 da D5000 ko a kan FTZ, da hannu za ka riƙa yi. Na biyunsa, mai alamar II, shi aka sa wa inji.

Mataki na 2: Auna faɗin da aikinka ke buƙata

Wannan matakin shi ne zuciyar zaɓin, kuma shi aka fi tsallakewa. Lissafin ɗaya ne:

milimitar da kake buƙata = nisan da ke tsakaninka da abin × faɗin sensa ÷ faɗin da kake so ya shiga

Ɗauki tef ka je irin wurin da ka fi aiki. A ce ɗaki ne, ka tsaya a bakin ƙofa, bangon da ke fuskantarka yana mita 3.5, kana so mita 5 su shiga, wato bangon da ɗan ɓangaren na gefe. A ful-firam, 3.5 × 36 ÷ 5 ya ba ka 25. A ƙaramar Nikon 16, a ƙaramar Canon tsakanin 15 da 16. Ka ga dalilin da 18 ta gaza, ko da yake ba da yawa ba. Yanzu shiga kicin ko banɗaki, inda nisa bai wuce mita 2 ba, kana neman mita 4: ful-firam 18, ƙaramar sensa 11 zuwa 12. Lambar da wuri mafi matsi ya ba ka, ita ce ƙaramar lambar da lensinka dole ya kai.

A wannan ɓangaren milimita ɗaya ba abin wasa ba ce. Daga nisan mita 3 a ful-firam, 35 na kama mita 3.1, 24 na kama 4.5, 17 na kama wajen 6.4, 16 na kama 6.75, 14 kuma 7.7. Tsakanin 14 da 16 akwai kusan mita guda, wato kujera ɗaya sukutum. Amma a can gefen dogon zum, bambancin 200 da 202 ido ba zai gani ba.

Bayan awo, buɗe tsofaffin hotunanka a kwamfuta ka duba bayanan kowanne, inda kyamara ke rubuta milimitar da aka ɗauka da ita. Idan ka tarar mafi yawansu a 18 suke, manne da ƙarshen zum, hannunka ya daɗe yana neman faɗi. Idan kuwa sun fi taruwa a 35 zuwa 55, wataƙila ba wayid ne ke gabanka ba, ka ajiye kuɗin tukuna.

Kada ka manta da babbar lambar. Mai aikin biki yana buƙatar zum da zai kai 35 a ful-firam, ko 20 zuwa 24 a ƙaramar sensa, domin a nan fuskar mutum take zama daidai. Da 16-35 za ka ɗauki zauren taro gaba ɗaya, ka murɗa ka ɗauki ango da abokansa ba tare da canza lensi cikin ƙura da cunkoso ba. Da 12-24 ko 14-24 sai ka riƙa canzawa, ko ka rataya kyamara ta biyu. Mai ɗaukar gidajen haya da otal da gine-gine shi kuma ƙaramar lambar ce ta dame shi. A ganina, wanda bai taɓa riƙe wayid ba kada ya fara da ƙasa da 14 a ful-firam ko 10 a ƙarama. Lensi irin 11-24 yana haɗiye komai, har da takalminka da inuwarka da ƙafar tirayifod, kuma cika irin wannan fili da abu mai ma'ana sai wanda ya goge.

Wani kuskure: wayid mai zum daban, idon kifi daban. Idon kifi, irin 8-15, da gangan yake lanƙwasa layuka su zama baka. Idan mai shago ya miƙo maka shi a matsayin “mafi faɗi”, ɗaga shi ka kalli ƙofa ta ciki. In ta yi ciki kamar tulu, ba shi ka zo nema ba.

Mataki na 3: Yanke shawara kan ƙofar haske

Lambar da ke bayan harafin f tana nuna iyakar buɗewar ƙofar da haske ke shiga. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga 2.8 zuwa 4 haske ya ragu da rabi, daga 4 zuwa 5.6 ya sake raguwa da rabi. Ga yadda abin yake a aiki: a zauren dina, idan f/2.8 da shata (lokacin da kyamara ke buɗe wa haske) 1/125 na daƙiƙa suna buƙatar ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 1600, to f/4 zai nemi 3200, f/5.6 kuma 6400. Tsohuwar ƙaramar kyamara a 6400 hotonta tsaki-tsaki yake fitowa, launin fata ya ɓaci.

Idan ka ga lamba biyu, kamar f/4.5-5.6, ƙofar tana tsukewa yayin da kake zum. Ga mai hoto da rana ba matsala. Ga mai bidiyo, hoton zai riƙa duhu a tsakiyar ɗauka idan ya murɗa.

Mutum biyu ne f/2.8 ya zama musu dole: mai ɗaukar mutane suna motsi a wuri mai ƙarancin haske ba tare da filasha ba, da mai ɗaukar taurari. Sauran, masu gine-gine da cikin ɗaki da filaye da duwatsu, a f/8 ko f/11 za su yi yawancin aikinsu, a kan tirayifod, don komai ya fito tar daga gaba har baya. A f/8 kuwa tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha tana raguwa ƙwarai. Kuma kada ka sayi 2.8 don kana son bayan mutum ya narke; wayid ba ya iya wannan sosai. A 16 da f/8 a ful-firam, in ka sa fokas a ɗan sama da mita 1, komai daga wajen rabin mita har ƙarshen gani zai fito.

Kuɗin 2.8 ba a aljihu kaɗai ake biyansa ba, har da wuya da kafaɗa. Canon EF 16-35 f/2.8 na uku giram 790 ne, ɗan'uwansa f/4 giram 615. Nikon 14-24 f/2.8 na bakin F ya kusa kilo guda, Nikon Z 14-30 f/4 kuwa giram 485. EF-S 10-18 giram 240 kacal. Wanda zai bi Hawan Daushe a ƙafa tun la'asar har magariba ya san bambancin.

Mataki na 4: Hana girgiza da maganar filta

Na'urar hana girgiza sunanta IS a Canon, VR a Nikon, OSS a Sony, OIS a Fujifilm, VC a Tamron, OS a Sigma. Rawar hannunka take gyarawa. Ba ta tsayar da mai rawa a fili ko doki a sukuwa. Wannan aikin shata mai sauri ne. Tana da amfani a bidiyon hannu da ɗaukar cikin gini inda ba a yarda da tirayifod ba. In kyamararka tana da ita a jikin sensa, ba sai ka nema a lensi ba.

Yanzu kalli gaban lensin. Wasu gilashinsu a kwance yake, da zare a baki inda ake murɗa filta, yawanci mai faɗin 67, 72, 77 ko 82. Wasu kuma gilashin ya kumburo waje kamar ƙwai, da hular tare haske a manne: Nikon 14-24 na bakin F, Canon 11-24, Sony 12-24. Waɗannan ba sa karɓar filta ta gaba sai da wani babban mariƙi mai tsada. A ƙasar da hunturu ke kwashe watanni yana zuba ƙura, gilashin da ba za a iya rufe shi da filta ba kullum cikin goga yake, kuma goga kan ƙura ita ke kawo ƙarce. Mai bidiyo ma yana buƙatar filta mai rage haske, ND, domin a firam 25 a daƙiƙa shatarsa a 1/50 take zama, rana tsaka kuwa ba za ta bari ba sai an dusashe ta. Saboda haka mai zare ya fi dacewa da yawancin mutane.

Sayi filta siririya. Mai kaurin baki tana leƙowa cikin hoto, kusurwoyi huɗu su yi baƙi a 16 ko 10. Kada ka jera biyu. Filtar da ke kashe ƙyalli, CPL, a wayid tana raba sararin sama, wani wuri shuɗi mai duhu wani fari, saboda ƙarfinta ya dogara da kusurwar rana, lensin kuwa ya kama sama mai faɗi. Yi amfani da ita kan ruwa da ganye da gilashin taga, ka sassauta ta in sama ta cika hoton.

Mataki na 5: Rage zaɓi zuwa biyu ko uku

Da lambobin da ka rubuta, jerin zai gajarce da kansa. A ƙaramar Canon mai madubi, EF-S 10-18 mai IS shi ne wurin farawa: bakinsa roba ne, ƙofarsa ƙarama, amma hotonsa ya fi kuɗinsa, injinsa kuma shiru ne a bidiyo. Takwaransa a Nikon shi ne AF-P 10-20, in kyamararka ta karɓe shi. Mai aikin dare a ƙaramar sensa ya dubi Tokina 11-16 ko 11-20 f/2.8, ƙarfe ne mai juriya, sai dai idan rana ko fitila ta shiga hoton yana zubar da ɗigogin haske masu launi. A marasa madubi masu ƙaramar sensa akwai Sigma 10-18 f/2.8 da Tamron 11-20 f/2.8 da Sony 10-20 f/4 da Fujifilm 10-24 f/4.

A ful-firam, Canon 17-40 f/4 na 2003 ya cika kasuwar na hannu da araha, amma kusurwoyinsa a 17 da f/4 dishi-dishi ne sai an tsuke zuwa f/8. EF 16-35 f/4 na 2014 ya gyara wannan, ya ƙara IS. In kuɗi ya kai, shi ya fi cancanta. Nikon na da 16-35 f/4 mai VR da Z 14-30. Masu Sony da ke son 2.8 ba tare da nauyi ba suna da Tamron 17-28 mai giram 420 da Sigma 16-28.

Wasu sababbin lensuna, irin RF 14-35, an ƙera su ne da niyyar manhaja ta ƙarasa gyaran lanƙwasa da duhun kusurwa. A JPEG ba za ka ga komai ba. A RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, in manhajar kwamfutarka tsohuwa ce ba ta san lensin ba, za ka ga kusurwoyi baƙi ƙirin ka ɗauka lalatacce ne. Tabbatar Lightroom ɗinka ko abin da kake gyara da shi ya san lensin kafin ka biya.

Mataki na 6: Duba jikin lensin a hannunka

Yawancin abin da ke kasuwa na hannu ne, kuma gani ya kori ji. Cire murfin gaba da na baya, haska tocila ta baya, ka leƙa ta gaba a karkace. Ɗan ƙura a ciki ba komai, kowane zum yana shaƙarta. Abin gudu shi ne fumfuna, mai kama da saƙar gizo ko jijiyar ganye, wadda ke kama lensin da ya zauna a wuri mai laima. Tana yaɗuwa, tana cin rufin gilashi. Haka hazo mai kama da tururi a cikin gilasan, yana kashe armashin launi. Ƙarce a gilashin baya ya fi na gaba illa. Amma a wayid na gaban ma ba a raina shi, domin zurfin fokas ɗinsa yana sa tabo ya bayyana a f/11 ko f/16 idan an fuskanci haske.

Shafa bakin da ake ɗaura filta. Lotsawa a nan shaidar faɗuwa ce, kuma lensin da ya faɗi sau da yawa gilasansa sun goce. Murɗa zum daga farko zuwa ƙarshe a hankali: kada ka ji yashi, ko wurin da yake cijewa. Dubi sukurorin baya. In kawunansu sun cinye, an taɓa buɗe shi. Dubi 'yan ƙarafan da ke haɗa wuta da kyamara, kada su yi tsatsa ko baƙi. Ɗaura shi, ka ɗan girgiza, ka ga ko yana wasa a baki. Sa f/16 ka danna maɓallin duba zurfi, ka kalli ganyayyakin ƙofar haske: su rufe su buɗe nan take, ba maiƙo a jikinsu.

Mataki na 7: Gwada shi da hoto

Nemi bangon bulo ko kanta mai jere da kaya. Kafa kyamara ta fuskance shi sak, daga mita 2 zuwa 3, ba sama ba ƙasa. Sa ISO 100, kashe hana girgiza, sa taimar daƙiƙa 2 don hannunka kada ya motsa ta. Ɗauki hoto a ƙaramar lambar zum, da tsakiya, da babba. Kowanne a buɗe gaba ɗaya, sannan f/5.6, sannan f/8. Hoto tara ke nan ko kusa.

Buɗe su a kwamfuta a girman ɗari bisa ɗari. Tsakiya kusan kowane lensi yana da kaifi, don haka kusurwoyi huɗu za ka kwatanta. In duka huɗun sun yi ɗan laushi iri ɗaya a buɗe, suka gyaru a f/8, halin wayid ne. In ɗaya ko gefe guda ya fi sauran lalacewa, har a f/8, gilashi ya goce daga tsakiya. Mayar masa da kayansa. Gyaran wannan sai wurin da ke da na'urar saiti, kuma wani lokaci kuɗin gyaran ya kusa na lensin. Don ka tabbata ba karkatar kyamara ba ce, fita waje ka zaɓi abu mai nisa, kamar hasumiyar masallaci ko turken sabis, sa fokas da hannu sau ɗaya, ka ɗauke shi sau huɗu, kowane karo a wata kusurwar hoton.

Sai sauran gwaje-gwaje masu sauri. Sa rana ko ƙwan fitila a gefen hoto ka ga yawan ɗigogin da zai zubar da yadda baƙi ke komawa toka. Ɗauki wayar lantarki ko reshen bishiya a gaban farin sama, ka duba ko gefensu ya yi shunayya ko kore. Kaɗan manhaja na cirewa da dannawa ɗaya. Mayar da fokas daga tafin hannunka zuwa nesa sau goma, a ƙaramar lamba da babba, ka saurari ƙara ko kai-komo. Kunna hana girgiza ka ɗauki biyar a 1/8 da hannu, ka kashe ka ɗauki biyar, ka ga ko akwai bambanci. Mai niyyar taurari ya ɗauki fitilun nesa da dare a f/2.8: in na kusurwa sun fito da fukafukai kamar tsuntsaye, haka taurarinsa za su zama.

In mai shago bai yarda a fita da shi ba, yi duka a ƙofar shagon. In babu kwamfuta, ƙara girman hoton a allon kyamara har ƙarshe, ka zagaya kusurwoyi. Nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin lensin, ku yi magana a gaban shaida kan kwana biyu ko uku na mayarwa. Tambayi hula da murfi biyu. Hular wayid ta kowane lensi daban ce, wadda ba tasa ba za ta fito a hoto.

Mataki na 8: In kuɗi bai kai ba

Kada ka sayi ɗan gilashin nan da ake murɗawa a gaban 18-55 mai rubutun 0.45x. Araha ba ta ado: gefen hoton narkewa yake, launi ya zube. Ga abin da ba ya motsi, juya kyamara a tsaye, kulle haske da fokas da hannu, ɗauki hoto huɗu ko biyar kana juyawa, kowanne ya hau kan na baya da kashi ɗaya cikin uku, ka haɗa su a kwamfuta. A fili yana yi da kyau; a ƙaramin ɗaki kayan da ke kusa kan ƙi haɗuwa daidai. Ko ka nemi lensi mara zum, kamar Samyang 14 na ful-firam ko 12 na ƙananan marasa madubi, mai fokas da hannu, wanda a wannan faɗin ba shi da wuya. Ko ka yi haya ko aro wurin abokin sana'a na aiki ɗaya. Yini guda da 10-18 a hannu zai nuna maka ko lissafin mataki na 2 ya yi daidai.

Mataki na 9: Makon farko da shi

Wasu kan mayar da lensi lafiyayye saboda sun ga abin da ba su saba ba. Ka tsaya a gindin hasumiyar Gobarau a Katsina, ka ɗaga kyamara sama, ginin zai yi kamar zai faɗi baya. Karkatar kyamara ce ta jawo. Riƙe ta a miƙe, kunna ma'aunin daidaito na allo, ja baya, ka yanke ƙasan da ya yi yawa daga baya. A cikin ɗaki sa ta a tsayin ƙirji ko ƙasa kaɗan, bango zai tsaya cak.

A hoton jama'a, na gefe su ne ke shan wahala: kai ya miƙe, kafaɗa ta yi faɗi. Mutum ashirin a layi biyu suna cin wajen mita 6. Bar fili a kowane gefe ya zama 7.5, tsaya a mita 5, ka ɗauka a 24 a ful-firam. Kada ka sa amarya ko uwar biki a ƙarshen layi, kada kuma ka kusanto fuska da 16 sai in kana son hanci ya riga mai shi isowa. Filashar kan kyamara ita ma ka bar ta: ba ta cika faɗin, kuma hular lensi tana jefa inuwa mai kama da rabin faifai a ƙasan hoto. Filashar waje da aka harba wa silin ita ce daidai.

A waje kuma, wayid yana ƙanƙantar da abin da ke nesa. Daga kan titi, Dutsen Zuma a 10 zai koma ɗan tudu a ƙarƙashin sama mara iyaka. Nemi abu na kusa ka matsa masa. A marinar Ƙofar Mata, durƙusa rabin mita daga bakin rami ɗaya, ya cika ƙasan hoton, sauran ramuka da masu rini su jeru a bayansa.

Da hunturu, hura ƙura da robar iska kafin ƙyalle ya taɓa gilashi, ka canza lensi a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Canon 17-40 da 16-35 f/4 ba sa kammala rufuwa daga ƙura da ruwa sai an ɗaura musu filta a gaba. Da damina, fitar da shi daga jaka in ka dawo, ka ajiye a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin silika masu shan laima, kana shanya su ko canza su idan sun jiƙa.